Wutar Sharar Gona da Haƙƙin Maƙwabci

  

Maganarmu ta yau a kan wutar da a ke sa wa shara ce a gonaki da lambuna da bayan gari. Abu ne wanda kowa ya saba gani, har ba a ɗauke shi a bakin kome ba. To, kai mai karatu, ina so ka karanta wannan a hankali, in ka gama ka karanta wa waɗanda ba su iya ba tukuna. Gindin maganar ɗaya ne: abin da ka ƙona dukiyarka ce ka yi hasara, hayaƙin da ka tayar kuwa maƙwabcinka ne ya ke sha.

Yadda shara ta yi yawa

Ƙasar nan tamu iri biyu ce. Akwai jigawa, inda a ke noman gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi. Akwai kuma fadamar kogin Haɗejiya, inda a ke noman shinkafa da alkama, da lambunan tattasai da albasa da tumatir. Tun da aka gama hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Nguru a 1930, Malam Madori ta zama tasha, 'yan ciniki suka taru saboda gyaɗa, gari ya yi ta girma. Daga baya aka tare ruwan kogi a Tiga a 1974, aka tare a Challawa a 1992, noman rani ya ƙaru, injin ban ruwa ya ture jigo. Yanzu mutum ya kan girbe shinkafa, ya so ya shuka alkama ko ya dasa albasa a wurin nan da nan.

To, inda noma ya yawaita, shara ma sai ta yawaita. Ga karan shinkafa tuli a bakin fadama, ga ɓuntu a bayan injin casa, ga busasshen ganyen tumatir da ciyawa a lambu. Mai gona yana sauri, ba shi da 'yan ƙwadago, ashana kuwa ba ta da tsada. Sai ya ƙyasta, ya juya baya, ya ce ya huta.

Lokacin da a ke yin haka kuwa shi ne mafi hatsari a shekara. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ke busawa daga arewa maso gabas. Ciyawa ta bushe ƙamas, zana da danga sun bushe, hatsi yana tare a gona ko cikin rumbu. A irin wannan lokaci tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye abin da mutum ya yi damina guda yana wahala a kai.

Abin da wuta ke ci

Manoma da yawa su kan ce toka taki ce. Maganar tana da gaskiya, amma rabin gaskiya ce. Bari in bayyana maka.

Ko wace shuka tana cin abinci daga ƙasa. Cikin abincin nan akwai wanda masana ke kira naitirojin, shi ne mai sa ganye ya yi kore shar. Shi ne ka ke saye in ka sayi takin yuriya. Akwai kuma wanda a ke kira fotash, mai ƙarfafa kara. In ka girbe shinkafa ka kai ƙwaya gida, wani kashi na abincin nan yana nan cikin karan da ka bari. Masana noman shinkafa sun auna, sun tarar ko wane tan ɗaya na busasshen kara, watau kilo 1,000, yana ɗauke da naitirojin kilo 5 zuwa 8, da fotash kilo 12 zuwa 17.

In ka sa wa karan nan wuta, kusan dukan naitirojin ɗin ya kan bi hayaƙi ya tafi sama. Yi lissafi da kanka. Buhun yuriya mai kilo 50 yana da naitirojin kilo 23. Ashe wanda ya ƙone tan huɗu na kara ya ƙone kimanin buhun yuriya guda ke nan. Je kasuwa ka tambayi kuɗin buhu, sa'an nan ka san abin da ashanarka ta ci.

Fotash shi ne ya kan saura cikin toka, shi ya sa a ke ganin shuka ta yi kyau a gurbin wuta shekarar farko. Amma toka ba ta da nauyi. Hunturu ya kan kwashe ta kafin ruwa ya sauko, ya kai ta inda ba ka da gona.

Akwai wata hasara kuma wadda ba a auna ta da buhu. Kara da ganye in sun ruɓe cikin ƙasa, su ne ke sa ta yi laushi da duhu, ta riƙe ruwa. Gara da tana da waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani su ke wannan aiki, ba ka biyansu ko anini. In ka ƙone abincinsu, ƙasar jigawa sai ta koma rairayi zalla, iska ta ɗebe ta, ta fadama kuwa ta ƙanƙare ta tsattsage. Har wa yau wuta ta kan kashe 'yan itatuwan da ke tohowa a gona, irin su gawo da kalgo da sabara. Gawo kuwa kowa ya san amfaninsa: yana zubar da ganye da damina, gero ya yi kyau a ƙarƙashinsa, da rani dabbobi su ci 'ya'yansa.

Dubi abin da ya faru a ƙasar Maraɗi, a Nijar. Daga wajen 1983 manoma suka fara barin kututturan da ke tohowa a gonakinsu, suna rage rassa, suna kiyaye su daga gatari da wuta. Suna kiran wannan sassaben zamani. Da haka aka mai da itatuwa kimanin miliyan 200 a gonakin kudancin Nijar, ba tare da an dasa su ba. Mutanen nan Hausawa ne kamarmu, ruwan samansu kuwa bai fi namu ba.

Inda hayaƙi ke zuwa

Wanda ya sa wuta ya kan tsaya ta inda iska ke fitowa, ko ya tafi gida abinsa. Hayaƙi kuwa ba ya tsayawa a iyakar gona. Ya kan shiga lambun maƙwabci, ya yi wa tumatir da albasarsa baƙi, zafi ya yanƙwane shukar da ke kusa. Ya kan shiga gari, ya tarar da jariri a goye, da tsoho mai tari, da mai ciwon asma, da mace mai ciki.

Cikin hayaƙi akwai ƙura mai laushin gaske, wadda ta fi gashin kai siriri nesa ba kusa ba. Gashin hanci ba ya tare ta. Ta kan wuce har cikin huhu, wata ma ta shiga jini. Ita ke tayar da tari da ciwon ƙirji, ta ƙara wa mai ciwon zuciya wahala. A 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da labari cewa gurɓatacciyar iska, ta cikin ɗaki da ta waje, tana kashe mutum wajen miliyan 7 ko wace shekara. Mu kuwa da hunturu mun riga mun sha hazo da ƙura, hayaƙi ƙarin kaya ne a kan kaya.

Lura kuma da wutar yamma. Da rana iska mai zafi tana tashi sama da hayaƙi. Amma in rana ta faɗi da sanyi, iska ta kan kwanta ƙasa, hayaƙi ya kwanta tare da ita, ya bi kwari da lunguna, ya shiga ɗakuna mutane suna barci. Tulin ɓuntun shinkafa shi ya fi muni, gama ba ya ci da harshe. Ya kan yi ta cin ciki kwana da kwanaki, sama toka, ƙasa garwashi. Yaro ko akuya in sun taka sai ƙuna.

Wutar bakin hanya ita ma tana da nata sharri. In hayaƙi ya rufe titi, direba ba ya ganin abin da ke gabansa, ko amalanke ce ko garken shanu.

Kada ka ce ai 'yar wutata kaɗan ce. A ƙasar Indiya, a jihohin Punjab da Haryana, manoma su kan girbe shinkafa su ƙone kara don su shuka alkama da wuri, daidai yadda mu ke fara yi a fadama. Ko wane ɗaya yana ganin tasa wuta kaɗan ce. Amma in watan Oktoba da Nuwamba suka zo, hayaƙinsu ya kan haɗu da na motoci da masana'antu ya rufe birnin Delhi. A Nuwamba 2019 sai da aka rufe makarantun birnin saboda yara ba su iya shaƙar iska. A Ingila ma manoma sun daɗe suna ƙone karan alkama, har mutane suka gaji da hayaƙi da gobara, aka hana da doka a 1993. Noman alkama bai mutu ba a can. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abubuwan da ba a ƙonawa ko kaɗan

Sharar kakanninmu ganye ce da toka da kashin dabbobi. Shi ya sa tun da daɗewa mutanen karkarar Kano su kan shiga birni da jakuna, su cika mangala da juji, su kai gona. Sharar yau ta sake. Akwai leda, da robar ruwa, da buhun taki, da tsohuwar taya, da batir, da galan na maganin feshi.

Waɗannan in sun sha wuta su kan fid da guba wadda ta fi ta hayaƙin ciyawa. Wata gubar ta kan sauka kan ƙasa da ganye ta daɗe ba ta lalace ba. Kaza ta yi kiwo a wurin, saniya ta ci ciyawar, gubar ta taru cikin ƙwai da nono da kitse, mu kuma mu ci. Tokar irin wannan wuta ba taki ba ce, kada ka zuba ta a fangalin da za ka shuka abin miya.

Galan ɗin maganin feshi shi ya fi su duka hatsari. In ya ƙare, ka ɗauraye shi sau uku, kana juye ruwan cikin tankin feshi. Sa'an nan ka huda shi don kada wani ya zuba ruwan sha ko man gyaɗa a ciki. Ka ajiye shi inda yara ba su kai, ka tambayi malamin gona inda za a kai shi. Kada ka jefa shi cikin kogi ko kududdufi, gama masunta suna cin abinci a wurin. Leda da roba da ƙarfe kuwa ka ware su dabam. Akwai masu yawo suna sayen roba da ƙarfe.

Maganar kacalla

Mutanen fadama za su ce, to, kacalla fa? Tambaya ce mai kyau. Tun da aka tare kogi, ruwa ya daina ƙafewa da rani a wurare da yawa, ciyawar nan ta sami wurin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa tsakanin Haɗejiya da Nguru, ta cinye gonaki, ta hana masunta wucewa, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan baki masu cinye shinkafa. In ruwa ya yi yawa kuma ya rasa hanya, sai ya bi gari, kamar ambaliyar da aka yi a 2020 da 2022. Don haka ba a ga laifin wanda ya ji haushinta ba.

Amma wuta ba ta kashe kacalla. Ranta yana cikin saiwa, saiwar kuwa tana cikin laka ƙarƙashin ruwa. In ka ƙone samanta, bayan 'yan makonni sai ta sake tohowa. Abin da ke gajiyar da ita shi ne a yanke ta ƙasa da fuskar ruwa, ruwa ya rufe kututturen, saiwa ta rasa iska. In aka maimaita sau biyu ko uku sai ta ja da baya. Wannan aikin gayya ne, ba na mutum ɗaya ba. Wadda aka yanko kuma tana da amfani: a yi shimfiɗa da ita a lambu, ko a sa cikin ramin taki. A bakin kogin Senegal har gawayin girki a ke yi da ita.

Abin da za ka yi da shara

In ka tsaya a gonarka bayan girbi, raba abin da ka gani kashi uku.

Kashi na farko abincin dabbobi ne: harawa, da karan dawa da na gero, da karan shinkafa. Waɗannan kuɗi ne. Ɗaure su ka ɗora bisa itace ko rumfa. In bazara ta yi, ciyawa ta ƙare, za ka ga masu nema. In ba ka da dabba, yi shawara da makiyayi. Al'adar iyayenmu ita ce bayan an kwashe amfanin gona Fulani su sauka da shanu, shanu su ci kara, su bar kashi, mai gona ya sami taki. Yanzu akwai masu sa wa kara wuta da gangan don kada shanu su shigo. Na san ɓarnar da shanu kan yi wa amfanin da ba a kwashe ba, kuma wanda aka yi wa ɓarna yana da haƙƙin a biya shi. Amma wanda ya ƙone karansa don ya hana wani, ya hana kansa taki, ya kuma ƙara ƙiyayya. A zauna gaban mai gari a sa ranar da shanu za su shiga, ya fi.

Kashi na biyu abin da ke ruɓewa ne: ganye, da ciyawa, da ɓawo, da ɓuntu, da sharar tsakar gida. Hanya biyu ce. Ko dai ka shimfiɗa su tsakanin shuka a lambu, su tare rana, ƙasa ta daɗe da laima, ka rage sayen mai na injin ban ruwa. Ko kuwa ka yi ramin taki.

Ga yadda a ke yin ramin. Ka haƙa shi a inuwa, inda ruwa ba ya kwanciya, zurfinsa zuwa gwiwa ko cinya, faɗinsa taki biyu, tsawonsa gwargwadon shararka. Ka shimfiɗa busasshen kara da ganye kamar kauri taƙi ɗaya. Ka bi da kashin dabbobi, sa'an nan ka barbaɗa tokar murhu da ƙasa kaɗan. Ka yayyafa ruwa har ya jiƙe, amma kada ya yi caɓi. Ka yi ta jerawa haka har rami ya cika, ka rufe da ciyawa. Ka soka sanda a tsakiya. Bayan 'yan kwanaki in ka zare ta ka ji ta da ɗumi, aiki yana tafiya. Bayan mako biyu ko uku ka juya, na sama ya koma ƙasa, ka ƙara ruwa. In ka juya sau biyu ko uku, cikin wata uku za ka sami taki baƙi mai ƙanshin ƙasa. Ɗumin nan kuwa ya kan kashe ƙwayar ciyawa da yawa. Wani Bature mai suna Albert Howard ya tsara wannan hanya a Indore ta ƙasar Indiya, ya rubuta ta a 1931, bayan ya daɗe yana lura da yadda manoman can ke yi. Ba ta bukatar kome sai ƙarfinka da haƙuri.

Kashi na uku shi ne leda da roba da galan, waɗanda muka riga muka yi maganarsu.

In ƙonawa ta zama dole

Ba na ce kada a ƙara kunna wuta a gona har abada ba. Akwai abin da wuta ce maganinsa. Ƙuduji, wanda waɗansu ke kira wuta-wuta, in ka tuge shi ya riga ya yi fure, ƙona shi, gama gindi ɗaya yana zuba ƙwaya dubbai, ƙwayar kuwa ta kan yi shekara goma ko fiye cikin ƙasa tana jira. Haka kuma tumatir ko tattasai da cuta ta kama, ko tsutsa irin wadda ta cinye tumatirin Kano da Kaduna da Jigawa a 2016. Waɗannan kada ka sa su cikin ramin taki. Ƙaya ma ta kan zama dole a ƙone ta.

In haka ta kama, ga ƙa'idodi:

1. Ka gaya wa maƙwabtanka tun jiya, don mai shanya ya kwashe, mai dabba ya ɗaure.
2. Ka bari sharar ta bushe. Ɗanyar shara ita ke hayaƙi mai yawa.
3. Ka tara ta ƙananan tsibi, nesa da danga da rumbu da itace da wayar lantarki da titi.
4. Ka share kewaye da fartanya har ka ga ƙasa tsirara, faɗin taki uku ko fiye.
5. Ka duba iska. In tana da ƙarfi, ko ta nufi gari, ko makaranta, ko asibiti, ka bari sai wata rana.
6. Ka ƙona da hantsi bayan raɓa ta ɗauke, kada ka ƙona da magariba.
7. Ka ajiye ruwa da yashi da ɗanyen reshe kusa. Kada ka zuba fetur.
8. Kada ka aiki yaro, kada kuma ka tafi sai ka kashe ta sarai, ka tona toka ka tabbata ba garwashi.

Masu farauta kuma, ina roƙonku. Wanda ya sa wa daji wuta don gafiya ko zomo, ya ƙone ciyawar dabbobin ƙauye guda da shuci na jinka saboda naman da bai cika tukunya ba. Garin neman ƙiba a kan samo rama.

In maƙwabci ya dame ka da hayaƙi

Yanzu a ce kai ne a ke cuta. Maƙwabcinka na lambu kullum sai ya tayar da hayaƙi, iyalinka suna tari, shukarka tana ƙonewa. Yaya za ka yi?

Da fari kada ka je masa da fushi, kada kuma ka yi masa magana a gaban mutane. Sau da yawa mai wuta bai san inda hayaƙinsa ke zuwa ba. Same shi shi kaɗai, ku gaisa, ka ce, "Malam, hayaƙin jiya ya shigo mana, yaron nan mai asma bai yi barci ba. Ko za ka bar mini karan in kwashe wa tumakina?" Ka ga ka faɗi damuwarka, ka kuma ba shi mafita, ba ka ci masa fuska ba. Mafi yawan magana a nan ta kan ƙare.

In bai ji ba, ka nemi dattijon da ya ke jin nauyinsa, ko liman, ko shugaban ƙungiyar masu lambu. Malamai sun karantar da mu girman haƙƙin maƙwabci, da cewa cutar da shi haramun ce, ba wanda zai yi gardama da wannan.

In abin ya ƙi, ka kai wa mai unguwa, daga nan dagaci, daga nan hakimi. Akwai kuma duba-gari a ƙaramar hukuma, da malamin gona, da malamin daji. A nan iliminka na karatu zai yi maka rana. Ka sami ɗan littafi, ka riƙa rubuta ranar da aka yi wuta, da lokaci, da abin da aka ƙona, da ɓarnar da ta yi, da wanda ya gani. Mai rubutu a hannu maganarsa ta fi ta mai cewa "kullum ya ke yi" nauyi a gaban mahukunta.

Ka sani kuma akwai doka. A 2007 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar kula da dokokin muhalli, wadda a ke kira NESREA. A 2011 aka fitar da ƙa'idodi waɗanda suka hana sa wa daji wuta da ƙona shara a fili ba bisa izini ba. Wanda wutarsa ta ci gonar wani ko rumbunsa, ana iya kai shi gaban alƙali a nemi diyya. Amma shari'a ita ce ƙofar ƙarshe, gama bayan an tashi daga kotu ku ne dai za ku koma ku sha ruwa a rijiya ɗaya. Abin da ba shi da kyau ko kaɗan shi ne ramuwa. Wanda ya rama wuta da wuta, gari duka ya jawo wa hasara.

Abin da ya fi duka shi ne a riga matsala. Masu lambu na wuri ɗaya su zauna kafin girbi, su yi yarjejeniya: ga ranar da za a ƙona abin da ya zama dole, ga inda za a tara leda, ga wanda zai riƙa duba iyaka. Wanda ya iya rubutu a cikinku ya rubuta, a kai wa mai gari ya shaida. Rigakafi ya fi magani.

To, jama'a, ga abin da na ke roƙon ko wane ɗayanku. Bana ka ware yanki ɗaya na gonarka, kada ka sa masa wuta. Ka bar karan a kai, ko ka zuba masa takin rami. Ɗaya yankin ka yi yadda ka saba. Ka rubuta abin da ka zuba da abin da ka girba a ko wane yanki, shekara biyu ko uku a jere, gama ƙasa ba ta warkewa a damina ɗaya. Sa'an nan ka kira maƙwabtanka ku duba littafin tare, ku yanke shawara da abin da idonku ya gani.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu zauna lafiya da maƙwabtanmu.